Hom-ran 60 da tsugunnon wata shida, amma kambu ya tafi Bronx

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da Juma'a. Yanzu na sauko daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, amma na san barci ba zai ɗauke ni ba sai na amayar da abin da ke cina. Jiya an ba Aaron Judge na Yankees, ƙungiyar besbol ta Bronx a New York, kambun MVP, wato gwarzon ɗan wasan kakar 2025, na American League, ɗaya daga cikin manyan lig biyu na Amurka. Cikin 'yan jarida 30 masu zaɓe, 17 suka sa shi a gaba, 13 suka sa Cal Raleigh na Seattle Mariners. Raleigh fa, wanda ya buga hom-ran 60, bugun da ƙwallo ke haura katangar fili, alhali shi ne mai cafka, yana tsugune bayan masu bugu yana karɓar jifa tun ƙarshen Maris har Satumba ta ƙare. A tarihin babban lig na Amurka mutum bakwai kacal suka taɓa kai 60 a kaka guda, kuma a cikinsu babu mai cafka sai shi. In wannan bai isa ba, a fito a gaya wa masu cafka su daina kashe gwiwoyinsu a banza.

Zango 161:
Wa alaikumus salam Yaya, sannu da aiki. Cire takalmin, ka sha shayi, ka kwanta. Judge ya rufe kaka da .331, babu wanda ya kamo shi a duka lig biyun, ga hom-ran 53 a kai. Naka .247. Wannan tazarar ko makaho ya shafa zai ji ta.

Ɗan Damagaram:
Ƙanena, shi Judge ɗin a ina yake tsayawa? Can gefen dama na fili, yana shan iska, ƙwallo ta leƙo shi sau uku ko huɗu a dare. Da gwiwar hannunsa ta motsa a watan Yuli ma, makonni ya yi ba ya tsaron fili, ya buga ya koma benci ya zauna. Raleigh ya karya tarihin Salvador Perez na 48 a masu cafka. Ya wuce 54 na Mickey Mantle a masu bugu ta hannu biyu, Mantle naku fa. Ya wuce 56 na Ken Griffey Jr. a Mariners. Kuma rabin wasanninsa a nan Seattle ya yi su, inda iskar teku ke danne ƙwallo, ba a filinku ba da katangar dama take ƙafa 314, wadda ko atishawa yaro ya yi sai ƙwallo ta haura.

Zango 161:
Na Judge ba sa roƙon gajeriyar katanga, can tsakiya suke sauka wajen allunan tunawa da tsofaffin 'yan wasa. Kuma wa ya ce ana hana masu cafka? Joe Mauer ya karɓa a 2009, Buster Posey ya karɓa a 2012. Amma Mauer .365 ya buga, Posey .336. Su ba da .247 suka zo neman kambu ba.

Sabon Shiga:
Salamu alaikum manya. A yi mini afuwa, daga Kano nake, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, World Series ɗin nan, gasar ƙarshe ta cin kofi da aka gama tsakanin Toronto da Dodgers, ce ta jawo ni cikinku. Wannan ɗigo uku uku ɗaya da kuke ta jifan juna da shi, mene ne? Mu a namu an ci nawa, wa ya ci, wa ya ba shi, shi ke nan.

'Yar Toronto:
Barka da zuwa Malam. Abin ba wuya. In mutum ya tsaya bugu sau 1000, sau nawa ya daki ƙwallo ta faɗi inda ba mai kamawa har ya isa tasha, ɗaya daga cikin matsayan da ake zagayawa kafin a ci maki, lafiya? Judge 331, Raleigh 247. Matsakaicin lig bana wajen 245 ne, ka ga a wannan awon Raleigh kamar kowa yake. Sai dai ni ba shi nake dubawa ba, tsohon mudu ne. Ba ya ƙirga wanda aka ba tasha kyauta don an yi masa jifa huɗu a waje, kuma a wurinsa ɗan bugun da ya gangara ya tsallake mai tsaro daidai yake da wanda ya fice daga fili gaba ɗaya.

Riƙe wannan, sauran duk za su zo maka da sauƙi. A besbol ba a tashi da agogo. Jarin kowace ƙungiya fita 27 ne, da zarar an fitar da 'yan wasanku sau 27 kun gama. To duk wanda ya tsaya bugu bai bari an fitar da shi ba, ya adana muku jari. Judge ya isa tasha a .457 na tsayuwarsa, kusan rabi ke nan. Raleigh .359. In aka haɗa wannan da nisan bugu, abin da ake ce wa OPS, Judge ya haura 1.100, Raleigh yana .948. Sau 36 kociyoyi suka ɗaga yatsu huɗu daga benci suka ce a bar shi ya wuce tasha ta farko salin alin, ba sa son tashin hankali.

Allah ya sani ba na ƙaunar Yankees ko ƙanƙani. Mu muka kore su a Oktoba, har rawa na taka a kicin. Amma kambun nan na Judge ne.

Kawu Direba:
Salamu alaikum. Ina layin jiran fasinja a JFK, motoci sun yi yawa a gabana, bari in tsoma baki. Ni da na fara sauraron Yankees a rediyon mota tun 1996, kafin a haifi wasunku, da ƙuri'a tana hannuna Raleigh zan ba.

Zango 161:
Innalillahi. Kawu, daga cikin gida za a sare mu?

Kawu Direba:
Ɗana, saurara. Mun yi Jorge Posada shekara da shekaru, mai cafka ne, shi ma ta hannu biyu yake bugu, kuma gwani ne na gaske. Mafi yawan hom-ran da ya taɓa yi a kaka guda 30 ne, a 2003, muka yi ta murna kamar an yi mana haihuwa. Yaron nan ya ninka shi cif.

Wata shekara na ɗauki wani Bature daga Manhattan, ya manta jakarsa a mota, na mayar masa har gida. Sai ya ba ni tikiti biyu, kujerun nan na ƙasa, layi kaɗan bayan alƙalin wasa, waɗanda da kuɗina ba zan taɓa zama ba. Ranar na gane abin da talabijin ke ɓoyewa. Ƙwallo ta goge sanda ta daki mai cafka a abin kare fuska, ƙarar kamar an jefa dutse a kwanon rufi. Ya girgiza kai, alƙali ya ɗan share ƙasa don ya ba shi lokacin numfashi, ya koma ya tsuguna. Wata ta same shi a cinya inda babu kariya. Wata ta faɗi ƙasa ya tare ta da ƙirji. Da ya cire safar na hango yatsunsa, kowanne ya kama gabansa. Bayan duk wannan aka ce ya cire kaya, ya ɗauki sanda ya fuskanci jifa mai gudun mil casa'in da wani abu. Ɗiyata ta Toronto, yau da dare ki tsuguna ki miƙe sau 150 a ɗakinki, gobe ki zo ki ba mu labarin OPS. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

'Yar Toronto:
Allah ya ƙara girma Kawu, ni ko sau 20 na yi sai an kira mini motar asibiti. Amma ai an sa tsugunnon a lissafi. WAR da kuke jin muna ambata tambaya ɗaya yake amsawa: da za a cire mutumin nan a sa wanda aka kwaso daga ƙaramin lig, wasa nawa ƙungiya za ta rasa? A ciki ana ƙara wa mai cafka maki don wahalar gurbinsa, ana rage wa mai tsaron gefen fili. Duk da haka Judge ne a sama. A lissafin shafin alƙaluma na FanGraphs tazarar wajen wasa ɗaya ce, a na shafin Baseball-Reference ta haura biyu.

Ɗan Damagaram:
Yauwa, tsaya nan ƙanwata. Ɗaya a wannan gida, biyu a wancan gida. Mutum ɗaya, kaka ɗaya, wasanni iri ɗaya. In na je kasuwar hatsi na tarar mudun wannan rumfa daban, na waccan daban, wanne zan kira mudu?

'Yar Toronto:
Dalilin a fili yake Yaya. FanGraphs suna ƙirga gwanintar mai cafka ta karɓar jifan da ke bakin iyaka ya ɗan jawo safa ciki har alƙali ya kira shi sitiraik, wato jifa mai kyau da ake ƙirga wa mai bugu a matsayin kuskure. Su wancan gidan ba sa sa shi a nasu. Raleigh gwani ne a wannan, shi ya sa ya matso a ɗaya. Amma ka lura, ko mudun da ya fi yi masa alheri bai ɗora shi kan Judge ba.

Ɗan Damagaram:
To wane mudu ne ke auna mutumin da ya san yau hannun mai jifansa ya yi sanyi, ya daina kiran mai gudu ya koma kiran mai lanƙwasa? Wane ne ke auna tattakin da yake yi zuwa tudun jifa ya dafa kafaɗar yaro ya kwantar masa da hankali? Mariners ba su ci rukuninsu ba tun 2001 sai bana. A wasa na biyar da Detroit a Oktoba an yi zagaye 15 maimakon tara da aka saba, yana tsugune tun daga farko har Jorge Polanco ya raba gardama. Ina asibiti ranar, ina leƙen waya a ɓoye tsakanin ɗaki da ɗaki, har wata tsohuwa mara lafiya ta ce in daina wahalar da kaina in kunna mata talabijin mu kalla tare.

'Yar Toronto:
Ana rufe zaɓen kafin a fara wasannin Oktoba, zagaye 15 ɗin ba su shiga ba. Maganar kiran jifa kuwa, na yarda, har yau ba a samu ma'auninta mai kyau ba. Abin da ban yarda ba shi ne duk abin da ba a iya aunawa sai a ce lallai nauyinsa ya kai yadda zuciyar mutum take so.

Kawu Direba:
Injinan nan naku ai su suka ce Derek Jeter bai iya tsaron fili ba. Mutumin da ya tara bugu 3,465, ya ci World Series sau biyar, aka ba shi safar zinariya, kyautar gwanin tsaron fili, sau biyar.

'Yar Toronto:
Kawu ka yafe mini, amma gaskiya suka faɗa. Abin da ya kai hannunsa yana kamawa tsaf, shi ya sa ido ke yaba masa. Wanda ya wuce ta hagunsa taku biyu fa, wanda wani zai tare shi kuwa bai kai ba? Ido ba ya ganin kuskure a nan, sai ya ce bugu ne mai kyau. Tsallen nan da yake yi ya juya a iska ya jefa, wani ɗan wasan yana tsaye zai yi shi don ya riga ya isa wurin.

Zango 161:
A'a, a nan kam mun raba gari. Kin taimake ni a kan Judge, na gode, amma Kyaftin Jeter ba abin taɓawa ba ne.

Kawu Direba:
Bar ta ɗana, lokacin da Jeter ya faɗa cikin 'yan kallo da fuska a 2004 ya fito jina-jina yana riƙe da ƙwallo, ita tana koyon tafiya.

'Yar Toronto:
Ina aji biyu na firamare dai Kawu. To bari in tambaye ka da tsohon mudunka. Shekaranjiya an ba Paul Skenes na Pittsburgh kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa, duka masu zaɓe 30 shi suka sa a gaba. Ya ci wasa 10, an cinye shi 10. A zamaninku mai 10 da 10 ko sunansa za a ambata?

Kawu Direba:
Ba za a ambata ba. A da in ba ka kusanci 20 ba, ka koma gefe.

'Yar Toronto:
Amma ERA ɗinsa 1.97 ne. Malam na Kano, ma'anarsa a duk zagaye tara da ya yi jifa, ba a cin sa maki biyu cikakku. Laifinsa ne in 'yan ƙungiyarsa sun kasa ci masa ko ɗaya? Haka Jacob deGrom ya karɓa a 2018 da 10 da 9, Felix Hernandez na su Yaya ya karɓa a 2010 da 13 da 12. Lokacin ban ji mutanen Seattle sun ce lissafi ƙarya ne ba.

Ɗan Damagaram:
Kai, yarinyar nan. Da sandata kika doke ni.

Kawu Direba:
A wannan na sallama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na ga yaron yana jifa, an zalunce shi da ƙungiya. Amma sallamawa ɗaya ce, kar ki saba.

Bakanon Sendai:
Barkanku da rana, mu nan sha ɗaya da rabi na dare ta wuce. Na karanta tun daga sama ina dariya. Kuna ta rigimar wa ya zo na biyu a duniya. Jiya ɗin nan dai aka ba Shohei Ohtani na Dodgers MVP ɗinsa na huɗu, kuma duka huɗun babu mai zaɓe ko ɗaya da ya kauce. Barry Bonds kaɗai ya fi shi yawa, da bakwai. Bana hom-ran 55. Bara 54 da satar tasha 59, wato rugawa tasha ta gaba yayin da ake jifa, abin da ba a taɓa haɗawa ba. Ku da kuke maganar wahalar aiki biyu, ku tuna wasa na huɗu da Milwaukee: ya yi jifa zagaye shida ba a ci shi ko ɗaya ba, ya zaunar da mutum 10, wato ya fitar da su da sitiraik uku-uku, sannan ya ɗauki sanda ya buga hom-ran uku, ɗaya ma ta haura rufin 'yan kallo. A dare ɗaya.

Nan safiya ce lokacin. A ɗakin bincikenmu akwai wani farfesa da tun zuwana ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ihunsa na jiyo daga ƙarshen baranda. Iwate, jihar su Ohtani, tana arewa da mu kaɗan, mutanen yankin nan ɗan gida suke ɗaukarsa.

Zango 161:
Dala miliyan 700 ai dole ya yi aikin mutum biyu.

Bakanon Sendai:
Miliyan biyu kawai yake karɓa a shekara, sauran 680 sai daga 2034 za a fara biyansa. Shi ya nemi a yi haka don a samu kuɗin ɗauko wasu. Ku kuma Juan Soto ya bar Yankees ya tsallaka muku Queens wajen Mets da miliyan 765, ko sallama mai kyau babu.

Zango 161:
Ba a kawo maganar Soto ranar Juma'a.

Sabon Shiga:
Ni Ohtani ɗin ne ya hana ni barci. Wasa na uku na World Series ya fara ƙarfe ɗaya na dare a nan. Na ce bari in ɗan leƙa. Aka yi zagaye tara ba a rabu ba. Aka kira assalatu, na je masallaci na dawo, suna nan. Matata ta dama koko, yara suka yi shirin makaranta suka fita, suna nan. Wajen takwas saura Freddie Freeman ya buga ta fice a zagaye na 18. Ohtani sau tara ya tsaya, sau tara ya isa tasha, har suka gaji suka dinga ɗaga masa yatsu huɗun nan da Hajiya ta Toronto ta faɗa. Datar sati guda ta tafi a dare ɗaya, na je shago ina gyangyaɗi.

'Yar Toronto:
Malam, ana zaman lafiya ka tono. Ni wasa na bakwai ne har yau ban warke ba. Muna gaba 4 da 3 a zagaye na tara, mutum biyu suka rage mu fitar mu ɗauki kofin da rabonmu da shi tun 1993. Sai Miguel Rojas, na tara a jerin masu bugu, wanda ba wanda ke tsoronsa, ya ɗaga ta ta haura. Will Smith ya ƙarasa mu a zagaye na 11. Yamamoto da ya yi jifa jiya-jiya ya dawo ba hutu ya rufe ƙofa. Duk wani lissafi da na sani ya ce kofin namu ne.

Ɗan Damagaram:
Allah sarki. Yadda George Springer naku ya yi mana ke nan a wasa na bakwai na neman shiga World Series, muna gaba 3 da 1. Tare aka kafa ƙungiyoyinmu a 1977, ku kun ɗauka sau biyu, mu ko ƙofar World Series ba mu taɓa takawa ba, mu kaɗai a cikin 30. Ba zan ce na ji daɗin kukanki ba, amma ban yi kuka ba.

'Yar Toronto:
Abin da ya rage mini na sanyaya zuciya Trey Yesavage ne. Yaron da aka ɗauka na 20 a zaɓen matasa na 2024, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, ya fara bana a can ƙasan ƙananan lig, ya haye matakai huɗu a kaka guda. Wasa uku kacal ya yi a babban lig kafin Oktoba. Ya zaunar da 'yan Yankees 11 ba su samu bugu ko ɗaya a hannunsa ba, ya zaunar da 'yan Dodgers 12 a wasa na biyar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Zango 161:
Mu ma muna da Cam Schlittler. Zagaye takwas, ya zaunar da 12, bai ba kowa tasha kyauta ba, ya kori Boston, shi da ya tashi a Massachusetts cikin dangi masoya Red Sox. A zagaye na bakwai na zaɓe aka tsince shi.

Kawu Direba:
Ku bi Larabar nan a hankali. Na ga Laraba masu kyau da yawa da Juma'arsu ba ta zo ba. Yankees sun ɗauki Brien Taylor na ɗaya a duk Amurka a 1991, da na zo ƙasar nan ana ta ba da labarin hannunsa na hagu. A 1993 ya shiga faɗa don kare ɗan'uwansa, kafaɗa ta goce, bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a babban lig ba. Ɗana, Jasson Dominguez fa? An ba shi dala miliyan 5.1 yana ɗan shekara 16, kuka ce daga wata duniya ya sauko. Ranar farko ya buga wa Justin Verlander hom-ran, kai da kanka ka kira ni ina kan gada kana ihu. Sati biyu ba a yi ba aka ce sai tiyatar gwiwar hannu. Bana in ƙwallo ta tashi sama ta nufi gefen hagu sai na karanta abin da ya sawwaƙa.

'Yar Toronto:
A wannan ina bayan Kawu, kuma lissafi ma yana bayansa. A 2013 Houston ta ɗauki Mark Appel na ɗaya. Bai taka babban lig ba sai 2022, yana da shekara 30, ya yi 'yan wasanni kaɗan. A zaɓen shekarar, na 32 shi ne Aaron Judge. An tsallake Mike Trout sau 24 a 2009. Raleigh kansa sai zagaye na uku aka ɗauke shi a 2018.

Bakanon Sendai:
Shi ya sa nake jin tsoron Munetaka Murakami. Ƙungiyarsa ta Japan, Yakult, ta buɗe masa ƙofar tafiya Amurka a watan nan. A 2022 ya buga 56 yana ɗan shekara 22, ya wuce 55 na Sadaharu Oh. Ƙarfi kam akwai. Amma yana yawan dukan iska, kuma jifan da zai tarar a can ya fi na nan gudu. Roki Sasaki ma da aka yi ta rububinsa, wanda ya yi cikakken wasa a 2022 ba wanda ya isa tasha, ya zaunar da 19, da ya je Dodgers kafaɗa ta kwantar da shi tun Mayu. Sai ƙarshen Satumba ya dawo, a Oktoba yana rufe musu wasa.

Maman Yara:
Salamu alaikum. Ina karatu ina aikin abincin Juma'a, amma maganar hannu ta sa dole in ajiye ludayi. Ɗana shekararsa 12, yana jifa a nan Bronx. Dokarsu jifa 85 a rana ga sa'anninsa, da kwanakin hutu. To sai ya zama yana ƙungiya biyu, ta unguwa da ta masu yawon gasa, kowane koci nasa yake ƙirgawa, ba mai haɗa jimla. Ran nan na gan shi yana cin tuwo da cokali a hannun hagu, na ce lafiya? Ya ce ba komai. Da na matsa gwiwar hannun ta ciki sai ya zabura. Ya ɓoye ne don kar a cire shi daga wasan Asabar. Likita ya ce ba abin da ya tsinke, amma wata uku ko dutse kar ya jefa. Kocin har waya ya yi mini wai yaron yana da makoma, in bari ya ƙarasa kaka. Na ce makomar tana jikin hannun ai.

Bakanon Sendai:
Hajiya kin yi daidai. Sasaki ɗin nan, a 2019 makarantarsa ta kai wasan ƙarshe na jihar Iwate, wanda ya ci zai tafi Koshien, gasar da duk yaron Japan ke mafarki. Kocinsa ya ƙi sa shi don ya yi jifa da yawa a kwanakin. Aka lallasa su, kuma tsohuwar makarantar Ohtani ce ta lallasa su. Ƙasar nan ta rabu biyu a kan kocin, wasu har waya suka dinga bugawa makarantar suna zagi.

Kawu Direba:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Gerrit Cole da duk kuɗinsa da likitocinsa bana ko jifa ɗaya bai yi ba, tiyatar nan ce ta Tommy John, a ciro jijiya daga wani wuri a ɗinka a gwiwar hannu, shekara guda ko fiye kana zaune. Ki riƙe littafi ki dinga rubuta jifansa da kanki. Kin ga, ɗiyata, a nan ina son lissafi.

'Yar Toronto:
Na adana wannan saƙon Kawu, zan fito da shi ranar da ake bukata.

Sabon Shiga:
To wai mu nan Afirka babu wanda ya taɓa shiga? Yaran unguwarmu da ke kakkaɓo mangwaro da dutse daga nesa, wallahi akwai hannu.

Zango 161:
Akwai Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, Pittsburgh ta sa shi a Afrilun 2017, tsayuwarsa ta farko ya samu bugu. Dodgers kuma suna da makarantar horar da yara a Uganda. Mu 'yan Gana muna laɓewa bayan Akil Baddoo, babansa namu ne. Jifan farko da aka taɓa yi masa a babban lig, a 2021, waje ya aika shi. Mun yi ta tura bidiyon Kumasi, mutanen da ba su san ko ana gudu ta dama ko ta hagu ba suna ta barka. Daga baya dai ya yi ta hawa da sauka tsakanin Detroit da ƙaramin lig. Wata Larabar Kawu ke nan.

Kawu Direba:
Layi ya motsa, saura mota uku. In na samu mai zuwa Bronx, ɗana ka tsaya mini a bakin masallaci, akwai maganar Jeter da ban gama ba, kai za ka kai wa 'yar'uwarka.

Zango 161:
To Kawu, Allah ya kawo mai nisa mai kyauta. Yaya na Seattle shiru, ko barcin ya yi gaba da shi?

Ɗan Damagaram:
Ina nan. Takalmi ɗaya na cire. Na zauna na buga lissafin ne, tunda yau kowa ya zama malamin lissafi. Na farko maki 14, na biyu maki 9, an tashi 355 da 335. Da mutum biyu kawai cikin 17 ɗin nan sun juya, kunnen doki za a yi. Mutum biyu fa.

'Yar Toronto:
Mu ma mutum biyu suka rage mana, Yaya. Cire ɗayan ka kwanta.